Gasar littafin waƙa ta dala dubu ɗari: amsoshin tambayoyin da 'yan'uwa na Legas suke ta yi min

Assalamu alaikum. Tun ranar da na kawo zancen gasar nan a majalisarmu ta bayan isha'i a Agege, na ce akwai mutumin da ya karɓi dala dubu ɗari a kan littafin waƙa guda ɗaya a nan garin Legas, tambaya bata yanke ba, wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani a Mile 12 ina cinikin albasa, wani kuma ya kira ni a waya cikin dare. Shi ya sa na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa, yadda aka yi min tambayar haka na rubuta ta.

Malam, wai wace gasa ce wannan, kuma wa ya kafa ta?

Sunanta na asali Nigeria Prize for Literature, amma marubuta sun fi ce mata gasar NLNG kawai, saboda kamfanin NLNG ne ya kafa ta kuma shi yake biyan kuɗin, wato kamfanin nan mai sarrafa iskar gas a tsibirin Bonny da ke jihar Ribas. A shekarar 2004 aka fara, kuma tagwaye aka haifa, ɗaya ta adabi ɗaya ta kimiyya. Ba gwamnati ce take yi ba, duk da cewa gwamnatin tarayya tana da kaso mafi tsoka a kamfanin ta hannun NNPC, kashi 49 cikin ɗari, sauran kuma na Shell da Total da Eni ne. Ana kiranta ta ƙasa ne saboda ƙofarta a buɗe take ga duk ɗan Najeriya, ba a tambayar jiharka.

Kowace shekara ake ba littafin waƙa kyautar?

A'a, nan ne mutane suke ruɗewa. Gasar kam kowace shekara ce, amma karɓa-karɓa ake yi tsakanin fanni huɗu: wata shekara ƙagaggen labari, mai bi mata waƙa, sai wasan kwaikwayo, sai adabin yara, sannan a dawo farko. Kenan waƙa sau ɗaya take samun fili a shekara huɗu. Shekarun da ta zo su ne 2005 da 2009 da 2013 da 2017, da ya kamata ta sake zuwa 2021 sai korona ta sa aka ɗage gasar 2020, komai ya matsa gaba da shekara ɗaya, shi ya sa ta faɗo a 2022, kuma in ka bi wannan lissafin 2026 ce ta biyo baya.

Ni dai a ganina shekara huɗu ta yi tsawo. Sha'iri zai iya fitar da littafinsa mafi kyau ya zauna jira, wani ma ya rasu kafin layi ya zo kansa.

To in an ce waƙa, irin ta 'yan situdiyo ake nufi? Zan iya tura faifai?

Ba ita ba ce ƙanena. Rubutacciyar waƙa ake nufi, wadda aka tara a littafi aka buga, abin da malamanmu suke kira diwani. Babu kiɗa babu fiyano, takarda ce da tawada. Faifai ko sautin waya baya shiga.

Nawa ne kuɗin, gaskiya dala dubu ɗari ne?

Gaskiya ne, amma ba da haka aka fara ba. A 2004 dala 20,000 ne, a 2006 aka mayar da shi 30,000, a 2008 ya koma 50,000, sai a 2011 ya kai 100,000. Da wannan ta shiga sahun kyaututtukan adabi mafiya tsoka a Afirka. Ban mayar muku da shi naira ba don kun san halin canji, farashin safe daban na yamma daban, ku tambayi 'yan'uwanmu 'yan canji su lissafa muku da farashin ranar.

Su wa suka fara ci a ɓangaren waƙa?

Mutum biyu ne suka raba a 2005, kuma labarinsu yana taɓa ni sosai. Na farko Gabriel Okara, dattijo ɗan ƙabilar Ijaw daga jihar Bayelsa ta yanzu, an haife shi 1921, kenan yana da shekara 84 lokacin da ya karɓa, da littafinsa The Dreamer, His Vision. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka share hanyar waƙar Turanci a Najeriya tun kafin a samu 'yanci, duk wanda ya yi adabin Turanci a sakandare da wuya a ce bai ci karo da waƙarsa ba, kuma tun 1979 ya ci kyautar waƙa ta ƙasashe renon Ingila. Ya rayu har 2019. Na biyu Ezenwa-Ohaeto, malamin jami'a wanda ya rubuta tarihin rayuwar Chinua Achebe, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki Turancin buroka da muhimmanci suka yi waƙa da shi, irin wanda muke ji kullum a bakin kwandastan danfo. Littafinsa Chants of a Minstrel ne ya ci. Abin tausayi a watan Oktoba na wannan shekarar ta 2005 ya rasu a Ingila bayan jinya, kyautar ta riske shi ne a ƙarshen kwanansa.

Na ji an ce akwai shekarar da aka hana kowa, wai haka ne?

Haka ne, 2009, kuma ita ce shekarar da ta fi kowace tayar da ƙura a tarihin gasar. An fitar da sunayen sha'irai tara, kowa ya sa rai, 'yan'uwa da abokai suka fara yi musu barka tun kafin ranar, sai a daren bikin alƙalai suka tashi suka ce a cikin littattafan nan babu wanda ya kai mizanin da suke nema, don haka babu gwani a bana. Kuɗin, dala 50,000 a lokacin, aka miƙa wa cibiyar manyan masana harshe da adabi ta ƙasa, Nigerian Academy of Letters. A cikin taran nan har da Ahmed Maiwada da Musa Idris Okpanachi, da dattijo Lindsay Barrett.

Marubuta suka fusata, jaridun Legas suka cika da martani mako bayan mako. Masu goyon bayan alƙalai suka ce ai gara a hana da a ba wanda bai kai ba, darajar gasa tana cikin tsaurinta. Masu suka suka ce to in littattafan basu kai ba me ya sa kuka zaɓo su daga cikin tari kuka shelanta sunayensu tun farko, kuka bari mutane suka ɗinka sabon kaya? Ni ina tare da masu sukar nan, ba don alƙali bashi da ikon cewa babu ba, yana da shi, amma akwai hanyar faɗa wadda bata zubar da mutuncin mutum a bainar jama'a, kuma gasa ai gwaji ce tsakanin waɗanda suka shigo, in tara suka yi tsere dole akwai wanda ya riga saura isowa. Ba a waƙa kaɗai aka taɓa yin haka ba, a 2004 ma da aka fara da labari ba a ba kowa ba, haka a 2015 a adabin yara.

Bayan wannan rigimar fa, me ya biyo baya?

A 2013 Tade Ipadeola ya ci, lauya ne mazaunin Ibadan, da The Sahara Testaments. Wannan littafin ina so 'yan'uwa Hausawa su neme shi ko don abin da yake magana a kai, hamadar Sahara ce gaba ɗayanta, garuruwanta da ayarin raƙuma da gishiri da daulolin da suka tashi suka faɗi a gefenta, duniyar da kakanninmu fatake suka sani da tafin ƙafarsu, sai ga Bayarabe ya zauna ya yi mata doguwar waƙa a baitoci 'yan ƙwar huɗu. Da na karanta sai na ji daɗi kuma na ji kishi a lokaci guda, don wannan gonar tamu ce ta gado.

A 2017 kuma Ikeogu Oke ne da The Heresiad, cikin littattafai 184 da aka shigar, ya doke manyan sha'irai biyu a zagayen ƙarshe, Tanure Ojaide da Ogaga Ifowodo. Waƙa ce doguwa mai labari, a kan marubucin da mai mulki ya yanke wa hukuncin kisa saboda abin da ya rubuta, an tsara ta ɗango bibbiyu masu amsa-amo, kuma shi Oke ba karantawa kawai yake yi ba a wajen taro, rerawa yake yi, abin da mu a wurinmu shi ne asalin yadda ake isar da waƙa. Shekaru sama da ashirin ya yi yana sassaƙa littafin. Shi ma bai daɗe ba bayan nasarar, a Nuwamban 2018 ya rasu.

Yaya, an ce a 2022 saura ƙiris ɗan Minna ya ɗauko, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ranar ban yi barci da wuri ba. Littattafai 287 aka shigar, aka tace suka koma 11, aka sake tacewa suka koma uku, kuma abin da ya bambanta shekarar shi ne duka ukun matasa ne, babu farfesa mai furfura ko ɗaya a cikinsu: Romeo Oriogun da Nomad, Su'eddie Vershima Agema ɗan Binuwai da Memory and the Call of Waters, sai Saddiq Dzukogi ɗan Minna da Your Crib, My Qibla. Littafin Saddiq marsiyya ce daga farko har ƙarshe, ya rubuta ta ne ga 'yarsa ƙarama da Allah ya yi wa rasuwa, Allah ya sa mai ceto ce. Duk uban da ya taɓa ɗaukar ɗansa a hannu zuwa maƙabarta zai gane abin da ke ciki ko da Turancinsa bai yi nisa ba, akwai sallah a ciki akwai addu'a akwai tambayoyin da mutum yake yi a zuci baya iya furtawa. A Amurka aka buga shi a 2021.

A watan Oktoba a nan Legas aka sanar, Oriogun ya ci. Nomad littafin ɗan gudun hijira ne, mutumin da ya bar gida yana ratsa garuruwa da iyakoki yana neman inda zai aje kansa. Abin da ya yi bayan an kira sunansa shi ne ya sa nake ganin girmansa, ya ce zai ba kowanne daga abokan takararsa biyu dala 10,000 daga cikin kuɗin. A harkar da aka saba da hassada da rubuce-rubucen habaici bayan kowace sanarwa, wannan ba ƙaramin abu bane.

To ɗan Arewa ya taɓa cin gasar kuwa?

A ɓangaren labari eh, Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos ya ci a 2016 da Season of Crimson Blossoms, labarin da aka gina a cikin al'ummar Hausawa amma da Turanci aka rubuta. A ɓangaren waƙa daga 2005 zuwa 2022 Saddiq da Su'eddie ɗan Binuwai ne suka fi matsowa kusa.

Ta yaya ake zaɓen, ba a yin san kai?

Tsarin dai a bayyane yake. Farkon shekara ake shelar a turo littattafai, kuma sai wanda aka buga a 'yan shekarun da suka gabaci gasar, ba tsohon littafi ba, ba kuma rubutun hannu ba. Akwai kwamitin mashawarta na manyan farfesoshi, Farfesa Ayo Banjo ya daɗe yana shugabantarsa, daga baya Farfesa Akachi Adimora-Ezeigbo ta karɓa, su ne suke naɗa alƙalai sababbi a kowace shekara, yawanci mutum uku, sannan a nemi wani masani daga wajen ƙasar shi ma ya duba ukun ƙarshe ya ba da ra'ayinsa. Sai jerin 11, sai jerin uku, sai biki a Oktoba.

San kai kuwa, duk inda ɗan Adam yake alƙalanci za a yi ƙorafi. Sukar da aka fi yi ita ce yawancin alƙalan malaman jami'a ne, ɗanɗanonsu ya fi karkata ga waƙa mai nauyi irin ta aji, da kuma cewa bayan an ba mutum kuɗi an tafa an watse, littafin da ya ci sai ka zagaye shagunan Legas baka same shi ba. Wannan ta biyun ita ta fi damuna, don amfanin kyauta ai a karanta littafin ne. Akwai kuma marubutan da tun farko suka ƙi shiga saboda kuɗin kamfanin gas ne, suna duba halin da yankin Neja Delta yake ciki, wannan ma ra'ayi ne da ya kamata a saurara da mutunci.

Wanda yake zaune a ƙasar waje yana iya shiga?

Yanzu yana iya. Da farko sai mazaunin Najeriya, aka yi ta jayayya a kai, daga baya aka cire sharaɗin. Shi ya sa Chika Unigwe ta ci a 2012 tana zaune a Beljiyam, kuma Oriogun da Saddiq duk a Amurka suke lokacin da suka kai zagayen ƙarshe.

Malam, ni da Hausa nake rubuta waƙa, zan iya shiga?

Ga tambayar da ta sa na zauna rubuta duk wannan. Baba, gasar nan da Turanci ake yin ta, duk littafin da ya taɓa ci tun 2004 na Turanci ne, diwanin Hausa ko na Yarabanci ko na Ibo bashi da kujera a wurin. Dattijon da ya yi min wannan tambayar yana sayar da goro ne a Agege, ya fi shekara talatin yana rubuta waƙa da ajami a littafin makaranta, ya san karin waƙarsa da kunne tun kafin ya ɗora alƙalami, baitinsa biyar-biyar amsa-amon ciki da na waje duk a zaune, da na gaya masa amsar sai ya yi shiru ya ce to ai shi kenan, wallahi shirun nan ya tsaya min a rai har yau.

Ku duba fa, ana kiranta kyautar adabin Najeriya, alhali rubutacciyar waƙa a ƙasar nan ta girmi zuwan Turanci nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa tun ƙarni na 19, ana kwafa da hannu ana haddacewa ana rerawa a zaure da tsakar gida. A ƙarni na 20 ga Sa'adu Zungur da ya yi siyasa da baiti, ga Mu'azu Haɗeja, ga Aliyu Namangi makahon Zariya wanda har yau almajirai da makafi suke rera Imfirajinsa a tasha da kasuwa, har a nan Legas na ji ana rera ta a Idi-Araba, ga Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da Na'ibi Sulaimanu Wali. Wane sha'irin Turanci ne a ƙasar nan talakan da bai shiga aji ba ya haddace baitocinsa kamar yadda aka haddace na Namangi? Amma da yana raye yau da bashi da hanyar shiga wannan gasar sai in an fassara shi, kuma waƙar Hausa in ka cire mata kari da amsa-amo ka zuba ta a Turanci, kamar ka tace fura ne ka zubar da nonon.

Ba ina cewa kamfanin ya yi laifi da ya tallafa wa masu Turanci ba, sun yi abin kirki, kuɗinsu ne kuma sun riƙe alƙawari shekara da shekaru, abin da ba kowa ke iyawa ba a ƙasar nan. Hujjar da ake kawowa ma ba ta banza ba ce, harsunanmu sun haura ɗari biyar, wanne za a ɗauka wanne za a bari, kuma ina alƙalin da zai auna Hausa da Tibi a sikeli ɗaya? Na ji wannan. Amma Indiya ma harsunan gare ta birjik, kuma cibiyar adabinta ta ƙasa tana ba da kyauta duk shekara a harsuna 24, kowane harshe da alƙalansa. Abu ne mai yiwuwa in an so.

To babu wata gasar waƙa da ake yi duk shekara ba sai an jira huɗu ba?

Akwai, ta Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe da abokansa suka kafa a 1981 a Nsukka. Ita duk shekara take ba da kyautar littafin waƙa a wajen babban taronta, kuma ta girmi ta NLNG da nisa, Niyi Osundare ya ci ta tun 1986, akwai ma lokacin da kamfanin Cadbury na nan Agidingbi ya riƙa ɗaukar nauyin kyautar waƙa a ƙarƙashinta. Kuɗinta bai kama ƙafar na NLNG ba, amma marubuta ne suke karrama ɗan'uwansu, kuma da yawa daga waɗanda suka yi suna daga nan suka fara. 'Yan Arewa sun taka rawa sosai a ƙungiyar, marigayi Abubakar Gimba ya shugabance ta, kuma filin da ta gina ƙauyen marubuta a Mpape ta Abuja, Janar Mamman Vatsa ne ya ba ta lokacin yana ministan Abuja, shi kansa sha'iri ne, an kashe shi a 1986 bisa zargin juyin mulki. Ƙungiyar tana da reshe a jihohi, har da nan Legas.

Mu Hausawa bamu taɓa samun gasar rubutu tamu ba kenan?

Mun samu, har ma ana iya cewa gasa ce ta haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta labari, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, ya sa wata gasar wadda ta fito da Hafsatu Abdulwahid da Sulaiman Ibrahim Katsina, sai ta sashen al'adu na gwamnatin tarayya a farkon shekarun 1980. A zamanin nan kuma ga Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, ta gajerun labarai ta mata.

Ka lura da abu biyu. Yawancinsu na labari ne ba na waƙa ba, kuma in ka cire Hikayata sauran an yi ne sau ɗaya ko biyu aka bari. Matsalarmu kenan, ba farawa ba, ɗorewa. Wani mai hali zai sa gasa bana a yi biki a ɗauki hoto, baɗi ya shiga siyasa ko kasuwa ta juya masa baya shi kenan an binne. Abin da ya sa ta NLNG ta zama abin da ta zama ba yawan kuɗin bane kaɗai, sha'iri ya san ranar da za ta zo tun shekara huɗu kafin ta zo, sai ya shirya mata. Kuma masu kuɗin da za su iya riƙe irin wannan a Hausa ba a nesa suke ba, wasunsu a nan Legas ofisoshinsu suke, abin da ake kashewa a walimar biki ɗaya a Victoria Island zai riƙe gasar diwanin Hausa shekaru.

Ita waƙar Turancin nan da babu amsa-amo babu kari, waƙa ce kuwa?

Wata malamar Islamiyya a Obalende ce ta yi min wannan, ta ce ta buɗe ɗaya ta ga kamar zance ne aka yayyanka. Malama, na fahimce ki, kunnen da ya tashi da Ishiriniya dole ya nemi ma'auni. Yawancin masu rubutawa da Turanci yanzu sun saki amsa-amo, ƙarfinsu yana cikin hoto da kwatance da inda suke yanke numfashi, wata ƙa'ida ce daban, kuma a cikinsu akwai gwanaye akwai 'yan kame-kame kamar yadda muke da su. Amma ki duba 2013 da 2017, duka littattafan da suka ci masu tsararren baiti ne, alama ce cewa alƙalan ma suna girmama wanda ya ɗaure kansa da ma'auni ya kuma fita lafiya.

Ina zan ga waɗannan marubutan ko in sayi littattafan a Legas?

Nan ne muka yi sa'a mu mazauna garin nan. Bayan an fitar da jerin 11, wata ƙungiyar masu kishin adabi da fasaha mai suna CORA tana shirya musu taro a Legas inda suke karanta littattafansu a yi musu tambayoyi. Ita dai CORA ɗin ce take yin bikin littafi da fasaha duk Nuwamba a Freedom Park da ke Broad Street, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa. Ga bikin waƙa na ƙasa da ƙasa na Legas da Efe Paul Azino ya fara a 2015, ga bikin littafi na Ake wanda ya taso daga Abeokuta ya dawo nan. Littafi kuwa a gwada Jazzhole a titin Awolowo na Ikoyi, ko Rovingheights a Surulere, ko Ouida a Ikeja, in babu a kan kanta a ce su nemo.

Abin da nake gani duk lokacin da na je irin wuraren nan shi ne ƙarancinmu, zaure cike amma masu hula irin tamu baka ƙirga biyar ba, alhali daga Obalende zuwa Freedom Park tafiyar ƙafa ce. Na san uzurin, kasuwa bata barin mutum, ga gosulo, ga tunanin cewa taron 'yan boko ne. Ku zo dai, ko sau ɗaya, ku zo da yaranku masu zuwa makaranta.

Ina da waƙoƙi cike da littafin rubutu, me kake ba ni shawara in yi?

In da Turanci kake yi, ka tace su, ka ba wanda ya fi ka ya duba ba abokin da zai ce maka sun yi kyau kawai ba, ka nemi mawallafin da yake da edita na gaske, don alƙalan nan suna duba har kuskuren ɗab'i da ingancin bugu, littafi mai kyau ya sha faɗuwa saboda gaggawar madaba'a. Kada ka buga don gasa ta matso, ka buga don littafin ya nuna. Ka fara da ta ANA da mujallu kafin ka hango dala dubu ɗari.

In kuma da Hausa ne, ko boko ko ajami, abu na farko ka ceci rubutun, damina ɗaya ta Legas in ruwa ya shigo ɗaki ta isa ta cinye aikin shekara talatin. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a samu yaro mai kwamfuta ya buga, kai kuma ka rera a naɗi muryarka don karin kada ya ɓace, a rubuta shekarar da ka yi kowace waƙa da dalilin yin ta. Dattijon nan mai goro mun fara nasa, duk ranar Lahadi bayan la'asar ɗana yana zuwa rumfarsa da waya, shi yana rerawa yaron yana bugawa, in an zo kalmar da yaron bai sani ba a tsaya ya yi masa bayani, wani lokacin kalma ɗaya ta ci musu rabin awa. Sun gama littafi na farko cikin huɗu, na biyun ne ruwa ya taɓa gefensa, sai an bi a hankali.